Yadda Ake Rubuta Wasiƙar Hannu Wadda Iyali Za Su Adana

A cikin adakar kakata, ƙarƙashin zannuwan saƙi, akwai wata takarda da take naɗewa a farin ƙyalle. Wasiƙa ce da kakana ya aiko mata da ajami daga Kumasi lokacin da yake fataucin goro. Ita ba ta iya karatu ba, an karanta mata ne sau ɗaya a zaure ta riƙe abin da ke ciki, amma duk ranar da ta buɗe adakar sai ta warware ƙyallen, ta ɗora yatsa kusa da wani wuri da tawada ta taru ta yi kauri, ta ce a nan hannunsa ya yi rawa domin ya rubuto yana fama da zazzaɓi. Labarin da ke cikin takardar ya daɗe da wucewa, goron an sayar, bashin da ya ambata an biya. Abin da take dubawa shi ne hannun mutumin, kuma wannan shi ne dalilin da ya sa nake ganin wasiƙar hannu aikin fasaha ce da ta cancanci a koyi yin ta da kyau, kamar yadda ake koyon ɗinkin hula ko zayyanar allo.

Al'adar tana da tushe mai zurfi a wurinmu. A Suratun Namli sarauniyar Saba ta kira takardar Annabi Sulaimanu wasiƙa mai daraja, kuma da Bisimilla aka buɗe ta. Manzon Allah (SAW) ya sa an yi masa zoben azurfa domin buga hatimi a kan wasiƙun da ya aika wa sarakuna irin su Hirƙal da Kisra. A ƙasarmu, Daular Sakkwato da wasiƙa ta tafiyar da mulkinta, ta hannun Waziri, kuma muhawarar da aka yi tsakanin Muhammadu Bello da Shehu Muhammadu al-Amin al-Kanemi na Barno ta wasiƙu aka yi ta, Bello ya shigar da su cikin littafinsa Infaƙul Maisuri. A 1824 Bello ya ba Clapperton, wani Bature matafiyi, wasiƙa ya kai wa Sarkin Ingila George na Huɗu. Da Turawa suka shiga Sakkwato a 1903 sun tarar da tarin wasiƙun sarakuna a gidan Waziri Buhari, aka fassara wasu daga ciki aka buga a Legas a 1927. Mai son ganin irin waɗannan takardu da idonsa zai iya neman su a gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna, ko a cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato, kuma ina ba da shawarar a yi hakan kafin a fara, domin ido yana koyon tsarin shafi daga abin da ya gani fiye da abin da aka bayyana masa.

Aikin yana farawa ne daga sanin wanda za a rubuta wa da kuma dalilin rubutun. Wasiƙar da ake adanawa tana da mutum ɗaya a gabanta da magana ɗaya a cikinta: godiya ga malamin da ya yi maka saukar Alƙur'ani, nasiha ga 'yar da za a kai ɗakin miji, ta'aziyya, neman gafarar ɗan'uwa, ko bayanin asalin gida ga jikan da bai yi wayo ba tukuna. Daga nan ne za a yanke shawarar rubutun da za a yi amfani da shi. Idan dattijon da za ka aika wa da ajami ya saba, to a rubuta da ajami, a sa wasulla duka, domin Hausa ba ta karantuwa daidai idan babu su. A kuma bi ƙa'idar da ya tashi da ita ta Warshu, wato fa'un da ɗigo ɗaya a ƙasa, ƙaf da ɗigo ɗaya a sama. Idan da boko ne, a kula da lanƙwasar ɓ da ɗ da ƙ, saboda hannu yana saurin mantawa da su, kuma lanƙwasar nan kaɗai ce ta raba ƙafa da kafa.

Sai a nemi takarda. Magabata sun yi rubutu a kan takardar da ake yi da tsumman auduga da lilin a Italiya, wadda take zuwa Kano ta hamada, kuma idan aka ɗaga ta a haske ana ganin alamar jinjirin wata uku a jikinta. Ita ce ta sa littattafan ƙarni na 19 suke nan har yau. Takardar littafin makaranta da ta jarida kuwa da niƙaƙƙen itace ake yin su, suna ɗauke da asid, sinadarin da ke sa su yin ja su riƙa karyewa bayan wasu shekaru, don haka a guje su. A shagon kayan zane a nemi takarda mai kauri, wadda ma'aunin kaurinta da ke jikin fakiti ya kai giram 120 zuwa sama, mai santsi, wadda aka rubuta a jikin fakitinta cewa babu asid a cikinta. Kafin a saya da yawa a gwada guda ɗaya: a ja layi da tawadar da za a yi amfani da ita, a duba ko ta bazu kamar gashi a gefen layin, a juya baya a ga ko ta ɓullo. Idan takardar tana da kaushi, a shimfiɗa ta a kan allo mai tsabta a goge ta da dutse mai santsi ko bayan cokali har ta yi laushi, alƙalami zai bi ta ba tare da tuntuɓe ba.

Maganar tawada ita ce inda mutane da yawa suke kuskure, don haka zan ɗan tsaya a kanta. Tawadar da almajirai suke rubutu da ita a allo ta gawayi ce da ƙaro, an yi ta ne domin a wanke, kuma a kan takarda tana zama ne a saman fuska, ɗigon ruwa ɗaya ko gumin yatsa yana iya share ta. Tawadar da ke kama takarda ita ce ta bagaruwa da ƙarfe, irin haɗin da masu aikin fata suke baƙanta fata da shi. Ga yadda nake yin tawa. Ina samun bagaruwa busasshiya cikin tafin hannu biyu, in cire 'ya'yan, in daka ɓawon sama-sama, in jiƙa a ruwa kofi biyu ya kwana. Da safe ina tafasa shi a wuta marar ƙarfi har ruwan ya koma rabi, in tace da ƙyalle mai laushi. A cikin ruwan nan, wanda a lokacin launinsa kamar na shayi ne mai kauri, nake jefa ƙusoshi masu tsatsa biyu ko uku, ko ɗan guntun kashin maƙera, in rufe in ajiye. Kowace rana ina tsoma tsinke in ja layi a takarda in duba. Da zarar layin ya koma baƙi bayan ya sha iska, sai in cire ƙarfen nan take in sake tacewa. Wannan gaɓar tana da muhimmanci ƙwarai, domin idan ƙarfe ya yi yawa tawadar tana cin takarda a hankali, har a wayi gari haruffan sun zama huji, kuma duk wanda ya taɓa duba tsofaffin littattafai ya ga shafin da hakan ta same shi. Daga ƙarshe ina narka ƙaro kamar girman gyaɗa biyu a ruwan ɗumi in zuba. Ƙaro shi ne yake riƙe tawada a bakin alƙalami ya hana ta bazuwa. Idan ya yi kaɗan rubutu yana yin gashi, idan ya yi yawa sai ya yi ƙyalli ya riƙa manne wa shafin da ke kansa. A jefa kanumfari biyu a cikin kurtun domin rage fumfuna, kuma a riƙa haɗa kaɗan-kaɗan.

Kada a firgita idan tawadar bagaruwa ta fito fari-fari a lokacin rubutu, halinta ke nan, tana ƙara baƙi ne bayan sa'o'i. Wanda ba shi da lokacin wannan haɗi ya sayi tawadar zane ta kwalba wadda ruwa ba ya wankewa. Abin da ba na so a yi shi ne amfani da biro mai arha, musamman shuɗi ko ja, saboda launinsa yana kodewa a haske, wani kuma yana tsattsafowa ta bayan takarda idan ta daɗe. Haka kuma kada a zuba tawadar bagaruwa a alƙalamin zamani mai shan tawada, domin za ta toshe shi ta cinye bakinsa.

Alƙalami kuwa na gamba ko na siririn karan dawa ya isa, muddin ya bushe sarai. A yanko kamar tsawon taƙi guda, a sa wuƙa mai kaifi a fiƙe gefe ɗaya a karkace, a kankare ɓargon da ke ciki, a rage gefuna biyu har bakin ya kai faɗin layin da ake so. Sai a tsaga bakin kaɗan a tsakiya, domin ta wannan tsagar tawada take gangarowa, sannan a ɗora shi a kan katako a datse ƙarshensa da sara ɗaya, a ɗan karkace. Karkatar nan ce take ba harafi kauri a wani wuri da siranta a wani, kuma ita ce sirrin kyan rubutun mahaddata na Kano da Barno, mai kauri da tsayuwa. A fiƙe biyu ko uku a ajiye, saboda kara yana laushi idan ya sha tawada, kuma sauya alƙalami a tsakiyar shafi yana nunawa idan ba a daidaita bakinsu tun farko ba. Idan akwai tsangaya kusa, a je wurin gardi ko alaramma a roƙe shi ya fiƙe ɗaya a gabanka. Minti biyar na kallo ya fi shafi guda na bayani.

Kafin a taɓa takarda mai kyau, a rubuta maganar duka a wata takarda ta daban, a karanta ta da murya. Wasiƙar Hausa ta kunne ce tun asali, domin sau da yawa wani ne yake karanta wa mai ita, ko a zaure ko a tsakar gida, kuma har yau idan aka aika wa tsohuwa takarda jikanta ne zai karanta mata. Saboda haka duk jimlar da numfashi ya yanke kafin a kai ƙarshenta a raba ta biyu, kuma duk sirrin da ba a so na uku ya ji a bar shi sai an haɗu.

Tsarin maganar sananne ne. Ana buɗewa da sunan Allah da salati, sannan a faɗi daga wa takarda ta fito da wanda za ta je wa, sai gaisuwa, sai a ce bayan haka a shiga magana, a rufe da addu'a da haza wasalam. Wurin kiran mutum ne ake gane tarbiyyar marubuci. Mahaifi Baba ne, mahaifiya Inna ce ko Umma ko yadda aka saba kiranta a gida, malami ana ce masa Allah ya gafarta malam, basarake kuma ranka ya daɗe ko Allah ya ja zamaninka. Matar da ba ta faɗin sunan mijinta da baki ba za ta rubuta shi a cikin wasiƙa ba, haka uwar da take alkunyar ɗan fari, kuma wannan kawaicin yana daga cikin abin da jikoki za su karanta su gane irin gidan da suka fito. Gaisuwa kada ta cinye shafin. Na ga wasiƙu da yawa da aka cika su da ina gaida wane, ina gaida wance, har takarda ta ƙare ba a faɗi komai ba. A yi gaisuwar da ta dace, sannan a faɗi abu takamaimai wanda kai kaɗai ka san shi. Maimakon a ce na gode da duk abin da kika yi mini, a ce: Inna, ban manta ranar da kika sayar da tunkiyarki kika biya mini kuɗin jarrabawa ba, kika ce kada in faɗa wa kowa. Jimla irin wannan ita ce take sa a naɗe takarda a ƙyalle.

A rubuta gari da kwanan wata cikakke, na Hijira da na Miladiyya, har da shekara. Wasiƙun sarakunan da, da yawansu ba su da kwanan wata, domin manzon da ya kawo takarda ya san lokacin da ya taso, kuma yau masu binciken tarihi suna shan wahala wajen gano shekarar da aka rubuta su. A kuma sa cikakken suna a ƙarshe ko da an rufe da ni ne ɗanki, saboda bayan shekara hamsin ba kowa zai san wane ɗan ake nufi ba.

Yanzu sai shafin kansa. A bar fili a gefuna huɗu, kamar faɗin yatsu biyu, a ƙara yawansa a sama. A wasiƙun sarauta a saman shafi ake buga hatimi, kuma filin da ke kewaye da shi yana ba takardar kwarjini. Gefen da aka bari yana da wani amfani kuma: nan yatsu suke riƙewa, nan ne kuma gara da danshi suke fara ci, don haka shi ne katangar rubutun. Domin layi ya miƙe, a ja layuka masu kauri a wata takarda a sa ta a ƙarƙashi, idan kuma takardar ta yi kaurin da ba a gani, a ja da fensir a hankali a goge washegari bayan tawada ta bushe sarai. A wanke hannu, a sa wata 'yar takarda ƙarƙashin tafin hannu saboda gumi, a zauna inda haske yake zuwa ta gefen da hannu ba zai yi inuwa ba. A tsoma bakin alƙalami kaɗai, a taɓa shi a bakin kurtu, a rubuta kalma biyu ko uku, a sake tsomawa. A yi shafi guda a zama ɗaya, domin hannun safe daban yake da na yamma.

Idan an yi kuskure kada a kankare, kada kuma a shafa farin ruwan gogewa, wanda yake ɓarewa daga baya ya bar tabo. A ja layi ɗaya siriri a kan kalmar, a rubuta daidai a gefe, kamar yadda masu kwafar littattafai suke yi su sa alamar sahha kusa da gyaran. Kuskure ɗaya ko biyu da aka gyara da tsabta ba ya rage wa wasiƙa daraja. Idan ta wuce shafi ɗaya, a ari wata dabarar tasu: a rubuta kalmar farko ta shafi na gaba a ƙasan wanda ya ƙare, ta yadda ko takardun sun watse za a iya jera su.

Game da ado, ra'ayina shi ne a taƙaita. Jar tawada a sunan wanda aka rubuta wa, ko 'yar zayyana guda a sama irin ta allon sauka, ko layi biyu da suka kewaye rubutun, ɗaya daga cikinsu ya wadatar. Kyan wasiƙa yana cikin daidaiton haruffa da tazarar layuka, kuma furanni da launuka barkatai suna janye ido daga hannun marubuci, wanda shi ake so a gani. Wanda yake ganin rubutunsa ba shi da kyau ya yi atisaye na mako guda, shafi ɗaya kullum, ya rage sauri, amma kada ya ba wani ya rubuta masa matuƙar yana iyawa da kansa. A da, masu rubuta wa mutane wasiƙa a bakin gidan waya sun yi wa jama'a babban aiki, sai dai wanda ya karɓi irin wannan takarda muryar ɗan'uwansa kawai yake samu, hannun na wani ne.

A bar takardar a shimfiɗe ta kwana kafin a naɗe. A yi ninki kaɗan gwargwadon iko, ɗaya ko biyu, kuma a lura kada ninkin ya bi ta kan layin rubutu, domin a nan takarda take fara yagewa. A sa a ambulan da ya yi daidai da ita, a rubuta sunan mai ita da hannu. Idan ta gidan waya za ta bi, a manna kan sarki, kuma wanda ya karɓa ya adana ambulan ɗin tare da wasiƙar, saboda tambarin gidan waya shaida ce ta gari da rana. Tun da takardar tana ɗauke da sunan Allah, a ba wanda zai kula da ita a hanya. Kafin a rufe, a ɗauki hotonta da waya a hasken rana.

Saura adanawa, ko ta wadda aka aiko maka ko ta wadda ka gada. A nan ina da abin da nake nadama. Shekarun baya na kai ɗaya daga cikin wasiƙun mahaifina wani shago aka manne ta cikin leda da na'ura mai zafi, ina ganin na kare ta ke nan. Yau takardar ta yi duhu a ciki, gam ya shiga jikinta, kuma babu hanyar fitar da ita ba tare da an yage rubutun ba. Kada a yi wa takarda mai daraja haka. Kada a liƙa yagewa da salatif, domin gam ɗinsa yana komawa ruwan kasa ya ratsa takarda. Kada a sa allura ko ƙarfen maƙale takardu, suna tsatsa. Kada a ɗaure da roba. A warware wasiƙar a hankali a shimfiɗe ta tsakanin fararen takardu biyu marasa asid, a sa a cikin kwali mai tauri, irin aikin da tadarishi yake yi wa Alƙur'ani rubutun hannu kafin a sa shi a gafaka. Idan tsohuwar takarda ta bushe har tana neman karyewa, kada a tilasta buɗe ta cikin hunturu. A jira iska ta yi laushi, ko a kai wa ma'aikatan gidan adana takardu su duba.

Akwatin ƙarfe ya fi na katako saboda gara da ɓera, amma a ɗora shi a kan wani abu ya bar ƙasa, a nisanta shi da bangon da yake jiƙewa da damina, kuma kada a kulle takarda a jakar leda domin tana tara gumi. A buɗe akwatin sau biyu a shekara, bayan ɗaukewar ruwa da kuma kafin faɗuwarsa, a duba ko akwai fumfuna ko ƙwari. Wanda yake son rataye wasiƙa a bango ya rataye hotonta, ainihin kuma ta zauna a duhu, saboda hasken rana yana cin tawada. A wata takarda ta daban a rubuta da fensir wanda ya rubuta wasiƙar, da wanda aka aika wa, da dangantakarsu, da shekarar da ake zato, idan kuma da ajami take a juya ta zuwa boko a haɗa su wuri ɗaya. Idan akwai dattijon da ya san mutanen da aka ambata a ciki, a zauna da shi a karanta masa, a rubuta abin da ya faɗa game da kowane suna, a sa takardar bayanin a cikin kwali ɗaya da wasiƙar.